Wane icce ne wannan? Tambayoyi da amsoshi kan gane tsohon icce daga jikin katakonsa

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin kafintoci, da masu sayen kaya a kasuwar Katako ta Yamai, da waɗanda suka gaji tsohon turmi ko ƙyaure, ko suka rushe ɗakin kakanni suka tarar da gungumen da gara ta kasa ci. Icce in yana tsaye da ganyensa, ko yaro mai kiwo zai faɗa maka sunansa. Aikin yana tashi ne in ganye da ɓawo sun tafi, ba abin da ya rage sai jikin.

Da gaske ana iya gane icce alhali ba ganye, ba ɓawo, ba ƴaƴa?

Ana iyawa, amma da iyaka. Kowane irin icce yana da tsarin ginin cikinsa, kuma tsufa ba ya sauya wannan tsari. Launi yana gushewa, ƙamshi yana tashi, tsarin kuwa yana nan ko bayan shekara ɗari. Abin da ya sauƙaƙa mana a Nijar shi ne manyan itatuwan da ake sassaƙawa ko ake rufi da su ba su da yawa, don haka zaɓe kake yi tsakanin sanannun sunaye: ƙirya, maɗaci, marke, bagaruwa, aduwa, tsamiya, kanya, kaɗe, gawo, madobiya, kawo, da ƴan kaɗan bayansu.

Iyakar ita ce itatuwan da suke dangi na kusa kan yi kama ƙwarai a ciki. Sau da yawa ko masana masu na'ura suna tsayawa a sunan dangi, su ce wannan daga gidan su bagaruwa da kandili ya fito, ba tare da sun ware ɗaya ba. Wannan ma amsa ce mai amfani, kuma ta fi sunan da aka faɗa da ka.

Me zan fara yi kafin in kai wuƙa jikin iccen?

Tambaya. Daga ina ya fito, me aka yi da shi, wa ya sassaƙa? Masassaƙan ƙasarmu ba su zaɓen icce haka kawai. Allon makaranta da ƙotar hauya galibi aduwa ne. Turmin da ya ga jikoki ana fara zaton ƙirya ko kaɗe. Akushi mara nauyi ana kyautata zaton danya. Gawayin maƙera ƙirya ce kan gaba. Aikin da aka yi da icce ba hujja ba ne, amma yana rage maka sunayen da za ka bi.

Wuri ma yana magana. A Adar da kewayen Tahoua an fi samun bagaruwa, aduwa, gawo da kandili. Madobiya, kawo, maje da kaɗe na kudu ne, wajen Gaya da gandun dajin W. Sai dai a kiyaye abu guda: farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa, gatari ya ƙarasa saura. Don haka tsohuwar dirka a ƙauyen Adar tana iya zama ta iccen da yau ko ɗaya babu a dajin garin. Kada ka kore suna don kawai ba ka ganin iccen yanzu. Ka je wurin dattijon da ya fi kowa daɗewa da gizago, ka ce, "Baba, a zamaninku da wane icce ake kafa rumbu?" Abin da zai lissafa maka ya fi abin da idonka zai gani a daji yau.

Launi bai isa ba? Ai ja ja ne, fari fari ne.

Launi shi ne ya fi yaudarar mutane, kuma shi ne kowa ke fara dogara da shi. Da farko, icce ɗaya yana da launi biyu: zuciya, wadda ke tsakiya, da farin gefe da ke ƙarƙashin ɓawo. Wanda ya ga gefen tsamiya kaɗai zai rantse farin icce ne, alhali zuciyarta baƙi-baƙi ce mai ɗan ja. Na biyu, rana da iska suna mai da kusan kowane icce ruwan toka, hayaƙin madafa ya mai da shi baƙi, man hannu da na girki su ba shi duhu da sheƙi.

Wanda ke Yamai ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama ya dubi abin da ya rage na iccen Tenere, wanda ya yi suna don tsayuwarsa shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kayar da shi a 1973 aka kawo shi nan. Kandili ne, amma an san haka ne tun yana tsaye da ganyensa. Busasshen jikinsa daga waje ba zai gaya maka wannan ba. Kafin ka ambaci launi, ka kankare wuri kaɗan har sabon jiki ya bayyana, ka duba a hasken rana, sannan ka ɗan shafa masa ruwa ka sake dubawa.

Yaya ake auna nauyi ta yadda zai yi amfani?

Ɗaga icce a hannu a ce "yana da nauyi" ba awo ba ne. Yanko busasshen guntu mai tsawon santimita 10, faɗi 5, kauri 2, ka ɗora a ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya ko na kanti. Ruwan da zai cika wannan girma giram 100 ne, don haka lissafin ya zo da sauƙi. Farin katakon samba da ake shigowa da shi yakan tsaya wajen giram 40. Gawo wajen 60. Maɗaci tsakanin 70 da 80. Madobiya 80 zuwa 90. Ƙirya 90 zuwa 100, wani lokaci ta haura, shi ya sa zuciyarta kan nutse ko ta tsaya daf da saman ruwa. Marke ma yana wannan sahun na masu nauyi.

Sharaɗi biyu: guntun ya bushe sarai, kuma ya zama lafiyayye. Ɗanyen icce yana iya nutsewa, wanda ƙwari suka rarake kuma zai yi sauƙin da ba nasa ba. Nauyi ba ya faɗin suna, kore suna yake yi. In guntunka ya ba da giram 55, ka bar maganar ƙirya ko da mai sayarwa ya yi rantsuwa.

Wane gefe na iccen ya kamata in duba, kuma da me?

Bakin yanka, wato fuskar da zarto ke bari in an gicciye gungume. Ka ɗauki icce kamar damin kara da aka ɗaure tamau: daga gefe tsawo kawai kake gani, daga baki ne kake ganin ramuka da yadda aka jera su. Duk sirrin yana bakin.

Amma zarto yana dagargaza wurin, takardar goge katako kuma tana cusa gari cikin ramukan. Abin da ake so shi ne sabuwar reza ko wuƙa mai kaifin aski. Ka jiƙa wurin da ɗigon ruwa, ka jira kaɗan ya yi laushi, sannan ka fere siririn yanki da jan hannu ɗaya, ba da gurzawa ba. Faɗin farce ya isa. In iccen ya yi tauri, kamar yadda tsohuwar ƙirya kan yi, ka dafa ƙaramin guntu cikin ruwa tukuna. Sai gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo da waya. Ka kawo gilashin daf da idonka, ka riƙa matso da iccen har hoton ya fito, rana tana bugun wurin daga gefe. In abin gado ne mai daraja, ka yi wannan a gindin turmi ko ƙasan ƙyaure, inda ido ba ya kaiwa.

To na duba. Me ya kamata in nema?

Abu uku. Na farko ƙofofin ruwa, ƙananan ramukan da ruwa ke bi ya hau lokacin da iccen ke raye. Ka lura da girmansu, ko ido kaɗai yana ganinsu ko sai da gilashi. Ko suna warwatse ɗai-ɗai ko suna jere biyu-uku. Ko wofi ne ko akwai abu cushe a ciki, kuma wane launi ne abin.

Na biyu zare, siraran layukan da ke tasowa daga cibiyar icce su nufi ɓawo. A wasu itatuwa suna da kauri har ana ƙirga su da ido, a wasu kuwa da ƙyar gilashi ke nuna su. Na uku farin nama, wani sashe mai haske fiye da sauran jiki. Shi ne ya fi taimako a itatuwanmu. Wani lokaci yana kewaye ƙofa da siririn zobe, wani lokaci ya buɗe dama da hagu ya ba da siffar ido, wani lokaci ya miƙe ya zama ɗamara mai gicciye zaren. Ka zana abin da ka gani a takarda kafin ka karanta amsoshi biyu na gaba, don kada zato ya ja maka ido.

Jajayen itatuwa duk kama suke yi mini. Yaya zan raba maɗaci da ƙirya da sauransu?

Maɗaci ƙofofinsa manya ne, ido yana ganinsu, da yawa a cike da baƙin ƙaro mai ja-ja, farin nama kuma kaɗan ne a kewayensu. In aka share fuskarsa sai ka ga ratsi-ratsi masu sauya haske in ka juya katakon, domin jijiyarsa a murɗe take, shi ya sa kafintoci ke kukan yana tsagewa a bakin injin sharewa. Ɗan uwansa dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, yana rikita mutane don shi ma ja ne, amma sabon yankansa yana da wari mai kama da tafarnuwa, kuma akwai siraran fararen layuka masu bin zoben shekara. Tarihi ma yana raba gardama: dogon yaro daga Indiya ya zo, bai shigo ƙasashenmu ba sai a ƙarni na 20, kuma ya yawaita ne da dashen da aka yi a kewayen Yamai tun 1965 da na kwarin Majiya tun 1975. Gungumen da aka tabbatar ya girmi zuwan Turawa ba dogon yaro ba ne.

Kawo ya fi sauƙi. Kowace ƙofa tana zaune cikin farin nama mai siffar ido, a fili sosai, kuma sau da yawa akwai wani gari rawaya ko fari a cikin ƙofofin, wanda ke fitowa kamar ɗigon alli a fuskar katako. Madobiya tana da launin zuma zuwa ja mai baƙin ratsi, farin namanta siraran ɗamaru ne masu lanƙwasa, zarenta siriri ƙwarai. In ka karkata sharerriyar fuskarta ga haske, gilashi zai nuna maka ƙananan layuka a gicciye, jere bisa jere. In da sauran ɓawo a jiki, ka nemi busasshen jan ƙaron nan da ake cewa jininta. Kaɗe kuwa ƙofofinsa ƙanana ne, suna bin juna a sarƙa.

Inda gilashi ke gazawa shi ne tsakanin ƙirya da bagaruwa. Duka biyu zuciyarsu ja ce mai duhu, duka masu nauyi, duka farin nama na kewaye ƙofofinsu. Ƙirya ta fi nauyi a galibi, tsohuwarta kan koma ruwan ƙasa mai duhu, kuma ita ce ke ba da gungume mai kaurin babban turmi. Nan ne ya kamata ka haɗa awon sikeli da tarihin abin, ka kuma ajiye shi gefe da gefe da guntun da ka tabbatar da sunansa, yadda aka yi bayani a amsar da ke kan tara samfuri.

Masu haske fa: gawo, aduwa, marke, tsamiya, kanya?

Aduwa ba ta ɓuya. Jikinta rawaya ne mai laushin gani, zarenta kuma mai kauri, ana ganinsa ba gilashi, ƙofofinta suna taruwa gungu-gungu a tsakanin zaren. Duba bakin tsohon allo ka gani. Gawo ya fi su sauƙi a sikeli, farin namansa faffaɗan ɗamaru ne, kuma da wuya ka sami tsohonsa ba hudar ƙwari a jiki.

Marke da tsamiya suna kama ta wajen faɗin farin gefe da ƙanƙantar zuciya mai duhu, kuma duka biyu suna dakushe gizago. Bakin yanka ke raba su: ƙofofin marke ƙanana ne, masu yawa, a matse, ba farin ido a kewayensu, na tsamiya sun fi girma, kowace da farin idonta. Kanya jikinta a cike yake sumul, launin toka mai ɗan ja, ƙofofi ƙanana a layi. Baƙar zuciyar da ake yaba ta da ita sai a wasu tsofaffin bishiyoyi, don haka rashin baƙi bai kore kanya ba.

An ce a lasa ko a shinshina. Gaskiya ne?

Shinshinawa kam tana da amfani, muddin sabon wuri ka kankare ka ɗan jiƙa shi. Maje yana da ƙamshin ƙaronsa, ɗanyen ɗorawa yana da wari mara daɗi, na dogon yaro an ambata a sama. Lasa kuwa ina roƙon a bari. Ɗacin maɗaci a ɓawo ya fi ƙarfi, tsohon katako ba lallai ya nuna shi ba. Ga kuma haɗari: samberu icce ne mai ja, mai tauri, mai dafi, kuma tsofaffin gungumen rufi da yawa an shafe su da baƙin man mota ko maganin gara.

Nawa yana da baƙaƙen tsinkaye a ciki, ba ƙofofi, ba zobe. Mene ne?

Azara ce, daga giginya ko goriba. Dangin dabino ba su da zare ba su da zobe. A bakin yanka ɗigo-ɗigo baƙaƙe kawai za ka gani, sun fi cunkushewa wajen gefe, tsakiyar kuma sakwaf. Azarar giginya ta yankin Gaya da Dallol Mawri ta rufe ɗakuna masu yawa a ƙasar nan, har a garuruwan da giginya ba ta fitowa.

Gara ba ta taɓa shi ba duk tsawon shekarun nan. Ba ƙirya ba ce ke nan?

Ba dole ba. Zuciyar kaɗe, kanya, kawo, madobiya da bagaruwa duk suna jure gara gwargwado. Iccen da ya zauna cikin hayaƙi ko nesa da ƙasa yana iya tsira ko da ba mai juriya ba ne. Abin da ya fi faɗakarwa shi ne yadda aka ci shi. In gara ta cinye gefe ta bar tsakiya tsaf, iccen yana da zuciya mai ƙarfi. In ƙwari sun huda shi ko'ina har gari na zuba, ka koma kan gawo da ɗorawa da irinsu.

Katakon kasuwa fa, wanda ake ce wa jan katako da farin katako?

Waɗannan sunayen ciniki ne, kowane ɗaya ya ƙunshi itatuwa da dama, kuma yawancinsu daga dazuzzukan ƙasashen bakin teku ake kawo su: Najeriya, Benin, Gana, Kodebuwa. Farin da ya fi yawa samba ne, sikeli kaɗai ya isa ya tona shi. Iroko, wanda ake kira loko, yana fara da rawaya ya koma ruwan ƙasa in ya sha iska, ƙofofinsa manya da farin nama mai haɗa su, wani lokaci da dunƙulen abu mai taurin dutse a ciki wanda ke fasa haƙoran zarto. Tek yana da maiƙo a hannu da warin fata, kuma manyan ƙofofinsa suna jeruwa a farkon kowane zobe, abin da da wuya ka gani a itatuwan dajinmu. Kafinta mai sayen katako da yawa ya kamata ya riƙa yawo da reza da gilashi a aljihu; ɗan fere bakin katako ɗaya ba ya ɓata kaya.

Zan iya sanin shekarunsa ta ƙirga zobe?

Kusan-kusan. Damina ɗaya muke da ita a shekara, don haka itatuwa da yawa suna ajiye zobe ɗaya kowace shekara. Sai dai zoben kan yi dishi-dishi, ruwa in ya ɗauke a tsakiyar damina ya dawo yana iya haifar da zoben ƙarya, shekarar fari kuma zoben ya yi sirantar da ba a ganinsa. Tsofaffin bishiyoyi da yawa cikinsu kogo ne, shekarun farko sun tafi. Katako ko turmi kuma yanki ne kawai na gungumen, abin da ka ƙirga a jikinsa mafi ƙarancin shekarun ne. Awon kabon 14 na ɗakin bincike yana aiki ga abin da ya daɗe sosai, amma ga iccen shekaru 300 na baya-bayan nan ba ya tsayar da lokaci daidai.

Hoton waya zai isa a gane mini? In bai isa ba, ina zan kai?

Hoton gefen katako mai fenti ko man ƙyalli ba ya gaya wa kowa komai. Wanda ke da amfani shi ne na bakin yanka da aka fere da reza, an ɗauka ta cikin gilashin ƙara girma, da ma'auni a gefe, tare da nauyin guntun da garin da ya fito. Manhajojin gane tsirrai na waya da ganye da fure suke aiki, ba da katako ba.

In ana son tabbaci, guntu mai girman kan yatsa ya isa. A ɗakin bincike ana yanka shi siriri har haske ya ratsa, a duba da madubin ƙwayoyin halitta, a bi jerin alamomi 163 da ƙungiyar masana ginin icce ta duniya ta fitar a 1989, a gwada da rumbun InsideWood da ke intanet ko da manyan ma'ajiyar samfuri irin na Tervuren a Beljiyam da na cibiyar binciken aikin gona ta CIRAD a Faransa. A gida, ka fara da ma'aikatan gandun daji na yankinka, ko masu binciken itatuwa na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, ko sashen aikin gona na Jami'ar Abdou Moumouni.

Yaya zan tara samfurin kaina?

Wannan ita ce shawarar da na fi ba muhimmanci a duk shafin nan. Bayani a rubuce yana kai ka kusa, amma ido ba ya koyo sai da gwadawa. Duk lokacin da iska ta karya reshen iccen da ka san sunansa da ganyensa, ko masassaƙi ya zubar da guntaye, ka ɗauki ɗaya mai ɗauke da zuciya da gefe. Ka fere bakinsa, ka rubuta sunan da garin a jikinsa nan take, ka ajiye a inuwa cikin gwangwani mai murfi. Reshe siriri ba ya nuna zuciya, ka nemi mai kaurin dantse ko fiye. Masu sassaƙa da suka san waɗannan itatuwa ta ƙarar gizago da yadda ɓarɓashi ke tashi suna raguwa, wasu itatuwan ma suna raguwa tare da su. Ka kai musu guntayenka su tabbatar maka tun suna nan.

Iccen yana tsaye, ya bushe ko ya kusa. Zan iya sara in duba cikinsa?

Kada ka sare. In yana tsaye, ba ka bukatar cikinsa: ɓawo, ƙaya, siffar rassa, busassun ƴaƴa a gindinsa da tohon da ke fitowa daga saiwa duk sun fi katako saurin faɗin suna. Gawo ma kada a yi masa gaggawar hukunci, domin da damina yake zubar da ganye, mai zuwa a watan Agusta zai ɗauka ya mutu.

Akwai kuma doka. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 ita ke tsara sarar itatuwa a Nijar, kuma gawo, maɗaci, giginya, tsamiya, kaɗe da ɗorawa suna cikin waɗanda aka daɗe da kare su. Ko a gonarka iccen yake, ko ya bushe, ka nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin gatari ya taɓa shi. Ga masu fitar da katako waje, madobiya ta shiga jeri na 2 na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, tun 2017, kawo da maɗaci na Afirka suka bi ta a 2023, don haka ƙetare iyaka da su sai da takardu. In kana shakkar abin da ke cikin lodinka, ka kai samfuri a duba kafin mota ta tashi.